Na'urar lantarki da ake sa wa yaro a kai don karatu: gaskiya ce ko talla?

Tambaya:

Assalamu alaikum Dakta. Ni uwa ce, a Agege nake zaune. Yarona shekararsa 9 yana aji 3 a firamare amma har yanzu karatu ya gagare shi, kalmar da ya karanta yanzu-yanzu in ta sake fitowa a layi na gaba kamar bai taɓa ganinta ba. Amma in lissafin kuɗi ne a shagon babansa ba mai cutarsa, haddar Islamiyya ma da kunne yake ɗauka. Malamarsa ta ce wai disleksiya ce. To na ga bidiyo a Facebook ana sa wa yara wata na'ura a kai mai ba ƙwaƙwalwa lantarki wai karatu ya buɗe, wani ma ya ce zai yo min odarta daga waje. Don Allah gaskiya ne? Kuma ba ta da illa?

Amsa:

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya shirya mana shi. Bari in fara da abin da kika fi buƙata: kada ki yi odar nan. Abin da kika gani yana da tushe a bincike, ba ƙirƙirar 'yan talla ba ne gaba ɗaya, amma har yau yana matakin gwaji ne, bai zama magani ba, hukumar FDA mai kula da magunguna da na'urorin lafiya a Amurka ma ba ta amince da shi a matsayin maganin matsalar karatu ba.

Ga yadda abin yake. Ana kiran hanyar tDCS, soso biyu ne ake jiƙawa da ruwan gishiri a ɗora a fatar kai a ɗaure, sai a saki lantarki ɗan ƙanƙani, miliamfa 1 zuwa 2, na kamar minti 20. Mutum yana farke yana zaune, ba allurar barci ba komai, kuma kada ki haɗa shi da jona lantarkin nan da ake yi wa masu tsananin ciwon damuwa a asibitin ƙwaƙwalwa, wancan ƙarfinsa ya ninka wannan sau ɗaruruwa. Wannan ɗan lantarkin ba ya sa wa yaro ilimi a kai, abin da yake yi kawai shi ne ya sa ƙwayoyin jijiyar wurin su ɗan fi saurin amsawa na wani lokaci, kamar yayyafin da ke tausasa ƙasa, in ba a zuba iri ba babu abin da zai tsiro. Masu bincike suna nufar ɓangaren hagu na kai ne, sama da kunne zuwa ɗan baya, saboda hotunan ƙwaƙwalwa sun daɗe suna nuna cewa wurin da ke haɗa harafi da sautinsa ke nan, kuma a masu disleksiya, wato matsalar koyon karatu ko da yaro yana da basira, aikinsa yana da rauni lokacin karatu.

Gwajin da aka fi ambata a kan yara na asibitin yara ne na Bambino Gesù da ke Rum a Italiya, an buga shi a 2016. Yara da matasa 18 ne, aka yi musu zama 18 cikin mako 6, kowane zama minti 20 da miliamfa 1, wasu aka ba su na gaske wasu kuma na'urar ta bogi ce ba su sani ba. Waɗanda suka samu na gasken sun ɗan fi ci gaba wajen karanta kalmomin da ba a cika haɗuwa da su ba da kuma kalmomin da aka ƙirƙira marasa ma'ana, waɗanda dole sai yaro ya bi su harafi-harafi. Amma Hajiya ki lura da abu biyu, yara 18 fa, ko rabin aji ɗaya na makarantar gwamnati a nan Legas ba su kai ba, sannan duk lokacin da lantarkin ke tafiya ana koya musu karatu ne, wato ba a taɓa cire malami daga lissafin ba. A 2020 kuma masu bincike a Jami'ar Janeba ta Suwizalan suka gwada wani nau'in mai kaɗawa sau 30 a daƙiƙa a kan wurin jin sauti na hagu, manya 30 ne, 15 masu disleksiya, aka ga sun fi bambance sautuka da karanta kalma daidai jim kaɗan bayan an cire na'urar. Manya ne ba yara ba, kuma ci gaban na nan take ne. Gwaje-gwajen duk haka suke, mutane kaɗan, wuraren ɗora soso daban-daban, wani ya amfana wani ko gezau.

Batun illa, a hannun ƙwararru yawanci ƙaiƙayi ne da ɗan tsikari, fata ta yi ja, wani lokacin ciwon kai. In soson ya bushe ko aka ɗora ba daidai ba fata tana iya ƙonewa. Ba a sa mai farfaɗiya ko mai ƙarfe a kai ko mai rauni a fatar kai a irin waɗannan gwaje-gwajen. Abin da ya fi damuna shi ne a gida wa zai auna miki wurin? A wannan hanyar soso ɗaya yana zaburar da wuri ɗayan yana kwantar da shi, in kika juya su kina iya danne wurin da kike so ki tasar, ga shi ƙwaƙwalwar ɗan shekara 9 tana kan girma. Ni wallahi ba zan sa wa ɗana abin da aka yo oda ta intanet a kai ba, balle in ce ki sa wa naki.

Yanzu ga inda nake so ki sa ƙarfinki da kuɗinki. Da farko a tabbatar disleksiyar ce, malamarsa ta kyauta da ta lura amma zato ne, sai an auna. A duba idonsa da kunnensa, yara da yawa da ake kira daƙiƙai allo ne ba sa gani ko kunne ne ya toshe. Ki je sashen yara na asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba ko na LASUTH a Ikeja, ko sashen yara da matasa na asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya na Yaba, shi sashen a Oshodi yake, ki ce kina so a yi masa gwajin matsalar koyo, kuma kada sunan asibitin ya tsorata ki, disleksiya ba tabin hankali ba ce, ba aljanu ba ce, ba sammu ba ce. Tana bin jini, ki tambaya a danginki da na babansa sau da yawa akan samu wanda ya sha wuyar boko alhali kansa na ja. Tun 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya rubuta labarin yaro ɗan shekara 14 mai kaifin basira da lissafi wanda karatu ya gagara, kin ga irin naki ke nan.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu mazauna Legas. Yaronki yana Hausa a gida, Yarbanci da Burokin a layi, Larabci a Islamiyya, sannan a ce ya koyi karatu da Turanci, harshen da harafi ɗaya yake da sauti uku ko huɗu. Yawan harsuna ba ya kawo disleksiya, kada kowa ya ce ki daina yi masa Hausa, amma rubutun Turanci yana ƙara wa mai ita nauyi. A 2001 an kwatanta masu disleksiya 'yan Ingila da Faransa da Italiya, raunin da ke ƙwaƙwalwa iri ɗaya ne amma 'yan Italiya sun fi karantawa daidai saboda rubutunsu yadda aka rubuta haka ake faɗa. Bokon Hausa ma kusan haka yake, ba be bi bo bu, don haka ki gwada shi da Hausa a gida, sau da yawa nan yaro yake fara gane cewa ashe harafi sauti ne.

Abin da aka tabbatar yana aiki shi ne koyar da sauti da harafi daki-daki, malami da yaro ɗaya ko 'yan kaɗan, ya ji sautin ya faɗa ya zana shi da yatsa a yashi ko a tire, ba a wucewa sai na baya ya zauna. Tsarin Orton-Gillingham tun shekarun 1930 a kan haka ya ginu, in za ki ɗauki mai lesin ki tambaye shi ko ya san irin wannan koyarwar, don mai sa yaro kwafar allo shafi biyar ba abin da zai ƙara masa sai tsanar littafi. Minti 20 kullum ya fi awa uku ranar Asabar. Kuma don Allah a ajiye bulala, a gida da makaranta da Islamiyya duka, ki je da kanki ki gaya wa malaman. In kin karɓo takardar sakamakon gwajin ki kai wa hedimasta kwafi, ki nemi a riƙa karanta masa tambayoyin jarrabawa da baki, a ƙara masa lokaci, a kuma daina tsayar da shi gaban aji ya yi karatu da ƙarfi sai ranar da shi ya nema.