Ginin ƙarfe da kankare: zai tsaya idan ƙasa ta girgiza a Legas?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ni ɗan kasuwa ne a Agege, ina shirin gina bene mai hawa shida a filina da ke wajen Lekki. Mai zanen ginin ya ce a yi ginshiƙan da bututun ƙarfe a ɗura musu kankare, a zuba dekin a kan manyan ƙarafa. Tun da na ga abin da ya faru a Turkiyya a 2023 hankalina bai kwanta ba. Irin wannan gini yana jure girgizar ƙasa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Yana jurewa, har ya fi ginin rodi da kankare zalla in an yi shi yadda ya kamata. Dabarar ma ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Maginan soro a Kano da Zariya suna saka azara cikin laka, domin laka tana ɗaukar danniya amma ba ta jure ja, azara kuwa tana jurewa. Haka kankare da ƙarfe suke. A ginshiƙin da aka ba ka shawara, bututun yana ɗaure kankaren kada ya farfashe ya zube, shi kuma kankaren yana tokare bututun daga ciki kada ya lotsa. Girgiza tana kaɗa gini hagu da dama ne, don haka abin da ake nema shi ne ya tanƙwara ba tare da ya karye ba, har mutane su samu fita.

Inda gizo ke saƙa shi ne mahaɗa, wato wurin da ƙarfen kwance ya haɗu da ginshiƙi. A girgizar Northridge ta 1994 a Amurka, walda ta tsattsage a mahaɗar gine-ginen ƙarfe da dama, wasu ma ba a gano ba sai da aka yaye abin da ya rufe su. A Kobe ta Japan a 1995, an ga tsofaffin benaye sun durƙushe a tsakiya, daidai hawan da ƙarfen cikin ginshiƙi ya ƙare aka ci gaba da rodi kaɗai. Shi ya sa ƙa'idar ita ce ginshiƙi ya fi ƙarfen kwance ƙarfi. Kuma da zarar an ɗinke dekin da ƙarfen da ƙusoshin walda, ƙarfen ya ƙara ƙarfi. Mai lissafin da ya manta da wannan ya bar ginshiƙi a baya. Ka tambayi mai zanen gininka wannan kai tsaye.

Legas ba ta kan layin manyan girgiza kamar Turkiyya. Amma ƙasa ta motsa a Ijebu-Ode a 1984, a Kwoi a 2016, a Mpape ta Abuja a 2018, sannan ta Akara, babban birnin Ghana, a 1939 ta kashe mutane. Ni dai ƙasar Lekki ta fi damuna: yashi ne da taɓo, ruwa a kusa. Ƙasa mai laushi tana ƙara wa girgiza ƙarfi, kamar yadda birnin Meziko ya gani a 1985 alhali tushen girgizar yana nesa da shi fiye da kilomita 300. Kada a haƙa fandisho sai an gwada ƙasar, an san zurfin da turakun kankare za su kai.

Kuma benen nan mai hawa 21 da ya rufta a titin Gerrard, Ikoyi, a Nuwamban 2021, ba girgiza ce ta kayar da shi ba. Saboda haka ka nemi injiniya mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, a gwada kankare duk ranar da aka zuba, a duba walda da na'ura ba da ido ba. Iskar teku kuma gishiri gare ta. Ƙarfen da ba a yi wa fentin hana tsatsa ba, tun a mahaɗa zai fara ciwuwa.