Babbar Rigar Kakana: Yaya Zan Gane Darajarta?

Tambaya: Na gaji wata babbar riga mai aska takwas daga kakana, kuma wani dillali ya taya ta da kuɗi masu kauri. Ta yaya zan tabbatar tsohuwa ce, kuma yaya zan adana ta? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, kada ka yi gaggawar sallamawa. Ka juya rigar ka duba cikinta da kyau. Tsohuwar rigar saƙi ƙwarya-ƙwarya ake haɗa ta, wato siraran saƙar hannu da aka ɗinke gefe da gefe, kuma za ka ga ɗinkin allura bai zo daidai-wa-daida kamar na keke ba. Sannan ka lura da zaren aikin: idan ruwan ƙasa ne mai ɗan kaushi, mai yiwuwa tsamiya ce, silikin da ake samu daga gidan tsutsar daji, idan kuwa shafin ciki ja ne mai ɗaukar ido, wataƙila alharini ne, wanda fatake suka riƙa kawowa Kano daga Tarabulus ta Sahara a ƙarni na 19. Irin wannan riga, a ganina, ta fi ƙarfin cinikin tsaye a zaure.

Game da ajiya, kada a wanke ta, kada a sa ta cikin leda, domin danshi zai ruɓar da zaren. A naɗe ta da farin ƙyallen auduga, nesa da rana da gara, a riƙa sauya ninkin lokaci-lokaci don kada ta tsage a kan layi.