Tambaya da Amsa: Faifan Miles Davis na 1963 zuwa 1965 da ake tsallakewa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sauraron jaz, na kuma san faifan Kind of Blue na Miles Davis ciki da waje. Wani abokina ya ce kada in ɓata lokaci a kan kiɗan da aka ɗauka a gaban jama'a tsakanin 1963 da 1965, wai tsofaffin waƙoƙi ne kawai ake maimaitawa da gudu. Haka ne? (Mai karatu daga Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abokinka ya faɗi rabin gaskiya. Tsofaffin waƙoƙi ne, amma wannan shi ne amfaninsu: tunda ka riga ka san waƙar, kunnenka zai kama abin da ya canja a hannun makaɗan.

Bayan John Coltrane ya bar ƙungiyar Miles a 1960, Miles ya yi ta neman mai busa saksofon da zai maye gurbinsa. A 1963 ya samu matasa uku: Herbie Hancock a piyano, Ron Carter a bes (babban goge mai kaurin sauti), da Tony Williams a ganga, yana ɗan shekara 17. Su ukun suka zauna daram, kujerar saksofon ce ta yi ta canja hannu. George Coleman ne a Antibes ta Faransa a Yulin 1963 da kuma New York ranar 12 ga Fabrairu 1964. Sam Rivers ne a Tokiyo ranar 14 ga Yuli 1964. Wayne Shorter ya shigo kafin wasan Berlin na 25 ga Satumba.

Ga yadda za ka yi. Ɗauki waƙar So What kaɗai, ka ji ta cikin Kind of Blue ta 1959, sannan ta New York, ta Tokiyo, ta Berlin, a zama ɗaya. Gininta gaɓa 32 ne, kowace gaɓa bugu huɗu: 16 a sauti ɗaya, 8 a ɗan sama da shi kaɗan, sai 8 a koma gida. A 1964 saurin ya kusa ninka na asali, don haka kada ka ƙirga bugu ɗaya-ɗaya, za ka ɓace kafin minti guda. Taɓa ƙafa sau ɗaya a kowace gaɓa, ka jira wurin da sautin ke hawa. Idan ka ɓace, bi Carter, shi ne turken. Kuma sa abin ji na kunne, domin lasifikar waya tana cinye bes gaba ɗaya, sai ka ji kamar hayaniya ce.

A ji na biyu, rabu da ƙahon Miles, ka saurari farantin ƙarfen da Williams ke bugawa. Yakan karya kari, ya ja lokaci, ya sake shi, Hancock kuma wani lokaci ya ɗage hannunsa ya bar fili. Coleman yana bin ginin waƙar tsaf, busarsa sumul, kuma an rage masa daraja fiye da kima. Rivers yana fita daga layi da gurnani da kururuwa, za ka ji Miles da shi ba su gama jituwa ba. Shorter ne ya iya fita ya dawo ba tare da ya yar da waƙar ba.

Tambaya: Me ya sa ba a cika ambaton waɗannan faifai ba?

Amsa: Yadda aka fitar da su ne. Kamfanin Columbia ya raba wasan New York gida biyu: masu sanyi a My Funny Valentine a 1965, masu zafi a Four & More a 1966. Wanda ya ji na biyun kaɗai zai ɗauka tsere aka yi duk daren. Wasan kuwa na tara kuɗi ne don fafutukar 'yancin baƙaƙen fata, makaɗan ba a biya su ba, sun hau dandamali ransu a ɓace. Nemi fitowar da ta haɗa su biyun.

Na Tokiyo ya fara fita ne a Japan a 1969, na Berlin kuma a Jamus ya fara fita, daga ɗaukar gidan rediyo. Na kulob ɗin Plugged Nickel a Shikago, daren 22 da 23 ga Disamba 1965, bai fito cikakke a Amurka ba sai 1995. Shi ne mafi wuya. Miles bai daɗe da tashi daga jinyar ƙugu ba, ƙahonsa yana tsagewa a wurare, ana jin ƙarar kofuna da hirar mutane. Hancock ya ba da labarin cewa Williams ne ya ba su shawarar su riƙa buga akasin abin da kunne ke jira, ba tare da sun gaya wa Miles ba. Bar shi sai ka iya riƙe ƙirgar So What ta Berlin daga farko har ƙarshe.