Kafin ku sayar da gonar, ku san wace irin kansar jini ce

Ƴar'uwa mai tambaya daga Daura, sannunku, Allah ya ba Yayanki lafiya. Kin ce likita ya tabbatar kansar jini ce, kuma kin ga a Facebook wai an samo sabon magani a ƙasashen waje, har dangi sun fara maganar sayar da gona a fita da shi. Don Allah ku dakata tukuna.

Kansar jini iri-iri ce: akwai lukemiya, akwai limfoma, akwai mayeloma, kowace da rassanta, kuma maganin wannan ba lallai ya yi wa waccan ba. Ku koma wurin likitan jini, ku roƙe shi ya rubuta muku cikakken sunanta a takarda.

Ƙanwata CML gare ta, wato wani nau'in lukemiya mai ci a hankali. Ramewa ta fara yi, loma biyu ta ce ta ƙoshi, gefen cikinta na hagu ya yi tauri. An sha ɗura mata jiƙon shawara a gida kafin mu kai ta Asibitin Koyarwa na Tarayya nan Katsina, ashe saifa ce ta kumbura. Aka ɗebi jini, aka sa allura a ƙashin ƙugunta aka zuƙo ɓargo, sannan aka gane cutar.

Bayan ikon Allah, abin da ya tashe ta maganin haɗiya ne mai suna imatinib, wanda ake kira Glivec. Kullum bayan tuwon dare take sha da babban kofin ruwa. Da safe idanunta kan ɗan kumbura, amma ga ta nan tana ɗinkinta. Ba a gano maganin nan da sauƙi ba. Tun 1960 wasu masu bincike a Filadelfiya suka ga tawaya a ƙwayar halittar masu wannan cuta. A 1973 wata mai bincike, Janet Rowley, ta gano cewa kuromozom (zaren da ke ɗauke da gadon halitta a cikin ƙwayoyin jiki) na 9 da na 22 ne suka yi musayar guntaye, abin da ke sa fararen ƙwayoyin jini su yi ta hayayyafa ba tsayawa. Sai 2001 Amurka ta amince da maganin da ke toshe wannan ɓarnar. Mu kuma ta asibitin koyarwa na Ile-Ife aka yi mata rajista, inda gidauniyar Max ke ba da shi kyauta. Hanya ce mai nisa, kuɗin mota ma aiki ne, amma ina aka kai ga kuɗin gona?

Wanda kika gani, ina kyautata zaton CAR-T ne. Ana cire sojojin jinin majinyaci, a gyara su a ɗakin gwaji yadda za su gane kansar, a mayar masa. Gaskiya ne, yana aiki. Sai dai an yi shi ne don wasu nau'o'in lukemiya, limfoma da mayeloma, galibi bayan sauran magunguna sun gaza, kuma yana iya zuwa da zazzaɓi mai tsananin da sai an kwantar da mutum ɗakin kulawa ta musamman. Da aka amince da na farko a 2017, dala 475,000 ne kuɗinsa. Indiya ta fitar da nata a 2023 mai rahusa, amma har yanzu ya fi ƙarfin talaka. Dillalan kai marasa lafiya waje ba za su gaya miki wannan ba, su dai a biya.

In likita ya ce irin mai saurin ci ce, to ba a jira, a fara magani a makon. Ku kuma tara samarin gidanku a gwada jininsu tun yanzu, don zai buƙaci ƙarin jini ba sau ɗaya ba, kuma buƙatar na iya tasowa ko da tsakar dare.