Ɗana ya shuka wiwi a kabad, wai ta gida ba ta cutarwa

Tambaya: Likita, na buɗe kabad ɗin ɗana mai shekara 17, na tarar da bokitai biyu da tsiron wiwi, ƙwayayen lantarki a rataye da tsohuwar fankar kwamfuta. Ya rantse mini wai wadda mutum ya shuka da hannunsa ganye ce kawai. Tun ranar barci ya ƙaurace mini.

Amsa: Hajiya, ki fara da zare wayar nan daga soket yau. Ƙwai mai zafi, waya da aka haɗa da salatif, ruwan ban-ruwa da katako a rufe wuri ɗaya, gobara ce ke jiran lokacinta. Danshin kuma yana haifar da funfuna da ke shiga huhu.

Maganarsa ta "ganye ce kawai" kuwa, kusan kullum sai na ji ta a ɗakin duba marasa lafiya, har ta ishe ni. Abin da ke taɓa ƙwaƙwalwa shi ne sinadarin THC, kuma tsiron ne da kansa yake samar da shi. Ba wani ne ke zuba shi a ciki ba, balle a ce ta gida ta tsira. Bai ma san ƙarfin abin da ya shuka ba. Wani bincike da aka wallafa a mujallar Lancet Psychiatry a 2019, wanda aka gudanar a Turai da Brazil, ya nuna mai sha kullum haɗarin taɓin hankalinsa ya ninka kusan sau 3, idan mai ƙarfi yake sha kuma kusan sau 5. Ƙwaƙwalwar ɗanki ba ta gama ginuwa ba sai wajen shekara 25. Ko Kanada da ta halatta wiwi a 2018 ta haramta sayar wa wanda bai kai 18 ba.

Don Allah kada ki kai shi wurin masu jiƙon "wanke jini". Kuɗinki za su ci, yaron yana nan yadda yake.

Ki zauna da shi ba da faɗa ba, ki tambaye shi tun yaushe, sau nawa a mako. Idan ya daina, zai yi rashin barci da saurin fushi na mako ɗaya zuwa biyu, wannan zai wuce. Amma in kika ga yana magana shi kaɗai, ko yana cewa ana bin sa, ki kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa a ranar.