Burodin Cuku na Barazil: Da Sitacin Rogo Ake Yinsa

Tambaya: Assalamu alaikum. A wani shagon burodi a Ikoyi na ci wani ɗan mulmulallen burodi mai cuku, bayansa rumus, cikinsa da danƙo. An ce min na Barazil ne. Mene ne asalinsa, kuma zai yiwu a gida? Daga wata 'yar'uwa, Agege.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Sunansa pão de queijo, wato burodin cuku, kuma gidansa jihar Minas Gerais a kudu maso gabashin Barazil, ƙasar shanu da cuku. A da alkama tana wuyar samu a can, rogo kuwa ɗan gida ne, sai mata suka haɗa sitacinsa da madara da ƙwai da cukun da ya bushe. Har gobe da kofi ake cinsa, da zafinsa. Mutanen Paraguay, maƙwabciyar Barazil, ma suna da ɗan'uwansa, chipa, wanda suke yawan gasawa a makon Ista. Rogon da muke kwaɗo da shi ma daga wancan yankin Turawan Fotugal suka kawo mana shi.

Ki tanadi sitacin rogo na ci giram 500, madara mililita 250, mai mililita 100, ƙwai 2, gogaggen cuku mai tauri giram 250, da gishiri ƙaramin cokali 1. Ba a sa yis.

Sirrin yana wajen ƙona sitacin. Ki tafasa madara da mai da gishiri, ki juye kan sitacin yana tafarfasa, ki juya. Zafin nan ne ke ba shi danƙon da zai riƙe tururi ya kumbura. Ki bari ya huce har ki iya sa yatsa, sannan ki fasa ƙwai ɗaya bayan ɗaya. In kika yi gaggawa ƙwan zai dahu ya yi gudaji. Ki zuba cuku, ki murza, ki shafa mai a tafin hannu ki mulmula kamar lemun tsami. Ki gasa a obin mai zafin digiri 190, minti 25 zuwa 30, har ya yi ruwan zuma.

Garin kwaki da alabo ba za su yi ba, sai tsantsar sitaci. Wara ta Yarbawa kuma ruwa ya yi mata yawa, ba ta da gishiri, burodin zai baje ya yi lami. In kwaɓin ya yi ruwa, ki sa shi a firij na rabin awa kafin ki mulmula. Wanda ba za a ci yau ba ki daskarar da shi ɗanye, don gasasshe yana yin tauri da ya kwana.