Amsa ga ɗan'uwan da makirfon hedifonsa ke ɓata tsakanin Windows da Ubuntu

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na ga tambayarka tun da safe ina cikin cunkoson Nyanya, na ce bari sai na samu wuri na zauna. In na fahimce ka daidai, kwamfutarka ta cinya tana ɗauke da Windows da Ubuntu, in ta tashi kai ke zaɓar wanda za ka shiga. Kana soka hedifon sauti na fita tsaf, amma makirfonsa ba ya bayyana a Ubuntu, wani lokacin har a Windows ma ya yi ɓatan dabo, kuma mai gyara ya ce sai an goge komai an sake lodi. Don Allah kada ka yarda a goge. Ni na taɓa yarda, na yi asarar kwana biyu da wasu takardun da ban kwafe ba, kuma ina gama lodin matsalar ta dawo kamar tana jirana a bakin ƙofa.

Kafin mu shiga cikin kwamfutar, zaro hedifon ɗin ka dubi kan fuloginsa. Ƙirga baƙaƙen zobban da ke jikin ƙarfen. In biyu ne, wannan fulogin sauti kawai yake ɗauka, babu hanyar makirfo a jikinsa. In uku ne, to shi ne mai gaɓa huɗu: kunnen hagu, kunnen dama, wayar ƙasa da makirfo. A nan ma iri biyu ne. Akwai tsarin CTIA da kusan kowa ke bi yanzu, akwai kuma OMTP na tsofaffin wayoyi irin su Nokia, wanda aka musanya wa gurbin makirfo da na wayar ƙasa. Alamar OMTP ita ce ka ji muryar mai waƙa kamar daga cikin rijiya, in ka danne maɓallin jikin wayar sai ta gyaru. In kuma kwamfutar tana da ramuka biyu ne, kore da ruwan hoda, sai ka nemi 'yar wayar nan mai reshe biyu. Gwaji mafi sauƙi: soka shi a wayarka, ka ajiye wayar nesa, ka naɗi saƙon murya a WhatsApp kana ƙwanƙwasa makirfon da farce. In ka ji ƙwas-ƙwas, hedifon ya fita daga zargi. Ka kuma leƙa ramin da tocila, ƙurar hunturun Abuja ba ta barin komai. In akwai, kashe kwamfutar ka ciro ta da tsinken sakace a hankali.

Amma tun da ka ce wani lokacin yana yi wani lokacin ba ya yi, ni zuciyata ta fi karkata ga wani abu daban, wanda shi ne ya wahalar da ni.

Lokacin ina zaune a Kubwa, ina koyar da wasu ɗalibai ta Zoom da daddare. Da rana aikin ofis a Windows, da magariba in danna Restart in faɗa Ubuntu. Kullum sai ɗalibai su ce malam bakinka na motsi amma ba ma ji. Na sayi hedifon har uku. Wata rana aka ɗauke wuta, batirin kuma dama ya tsufa, kwamfutar ta mutu murus ina tsakiyar laluben saiti. Da aka dawo da wuta wajen ƙarfe goma na kunna ta, na shiga Ubuntu kai tsaye, sai ga sandar makirfo tana rawa da tarin da na yi. Ban taɓa komai ba! Washegari na sake Restart daga Windows, shiru. Na kashe ta ƙurmus na kunna, ya dawo. A nan na gano bakin zaren.

Abin da ke faruwa shi ne, akwai wani ɗan ƙaramin cif a cikin kwamfutar da ke kula da sauti, galibi na Realtek, shi ne ke gane abin da aka soka a ramin. Direban Windows, wato manhajar da ke sarrafa cif ɗin, yana rubuta masa nasa saitin, Linux, wanda a kansa aka gina Ubuntu, shi ma yana rubuta nasa. In ka danna Restart, wuta ba ta yankewa daga jikin cif ɗin, don haka sai Ubuntu ya zo ya tarar da shi a yadda Windows ya bar shi, kamar ɗan haya ya shigo ɗaki ya tarar wanda ya fita ya canja kwaɗon bayi. Ɗakin na nan, sai dai wata ƙofar ba ta buɗuwa.

Ga kuma Fast Startup, wanda ya zo tun Windows 8 a 2012 kuma yana nan a 10 da 11. In yana kunne, Shut down ba cikakkiyar kashewa ba ce. Windows yana naɗe halin da shi da direbobinsa suke ciki ya ajiye a faifai, in ka dawo ya warware, yana zaton ba wanda ya taɓa kayan a bayansa, alhali Ubuntu ya shiga ya fita. Ina kyautata zaton wannan ne ke ɓatar maka da makirfo a ɓangaren Windows. Kashe Fast Startup ɗin. Shiga Control Panel, Power Options, Choose what the power buttons do, danna Change settings that are currently unavailable, sai ka cire alamar da ke kan Turn on fast startup. Za ka ma samu ƙarin riba: ɓangaren faifan Windows da Ubuntu ke ƙin bari ka yi rubutu a ciki zai saki, don sau da yawa shi ne sanadi. Bayan haka kashe kwamfutar, zare caja, danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 30, sannan ka kunna ka shiga Ubuntu kai tsaye. Daga yau in za ka sauya, Shut down za ka riƙa yi, ka manta da Restart.

Tun da kana cikin Windows ɗin, leƙa Settings wajen Privacy, ƙarƙashin Microphone, ka tabbata an bai wa manhajoji izini. In kuma ɗan akwatin nan ya fito yana tambayar me ka soka, Headset za ka zaɓa. Mutane da yawa suna danna Headphone don su rabu da shi, shi ke nan sun kashe makirfon da hannunsu. Ubuntu ma yana yin irin wannan tambayar a wasu kwamfutocin.

To, in ka yi duk wannan Ubuntu bai gani ba, sai mu buɗe Terminal, wato tagar da ake rubuta wa Ubuntu umarni. Rubuta sudo apt install pavucontrol don lodin manhajar saita sauti mai suna pavucontrol, ka buɗe shi, ka je Input Devices, ka duba Port. Wani lokacin Headset Microphone na nan a jere, na jikin kwamfutar ne kawai ya tare gaba. Wannan manhajar tana aiki ko kana kan 22.04 mai PulseAudio ko 24.04 mai PipeWire. Sai ka rubuta alsamixer a Terminal: F6 ka zaɓi katin sauti, F4 ka ga ɓangaren ɗauka, in Capture a kashe yake ka danna doguwar sandar tazara ta allon rubutu ka ɗaga shi sama.

In babu Headset Microphone sam a jerin, ma'anarsa Linux bai san yadda aka haɗa wayoyin ramin a irin kwamfutarka ba, sai ka gaya masa. Rubuta grep Codec /proc/asound/card*/codec* za ka ga suna irin ALC255 ko ALC256. Buɗe fayil ɗin /etc/modprobe.d/alsa-base.conf da sudo, wato da izinin mai iko da kwamfutar, a can ƙasa ka ƙara layi guda: options snd-hda-intel model=headset-mic. Ajiye, kashe, kunna. In bai yi ba ka musanya shi da dell-headset-multi, kada sunan ya ruɗe ka, yana yi wa wasu kwamfutocin da ba Dell ba. Wani tarko da ya ci min dare guda: in katin HDMI ne na farko a jerin katunan sauti, saitin a kansa zai faɗa, sai ka sa waƙafi bayan alamar daidai, wato model=,headset-mic, don ya tsallaka zuwa na biyu. Layi ɗaya za ka riƙa gwadawa a lokaci guda, wanda bai yi ba ka goge shi. Kada ka tara su kamar layu. In kuwa ka rubuta aplay -l, mai jero katunan sauti, ya nuna maka sof-hda-dsp, kwamfutarka sabuwar Intel ce mai bin wata hanya daban, wancan layin ba zai taɓa ta ba, sabunta Ubuntu ɗin gaba ɗaya ya fi maka. Akwai hdajackretask, manhajar sauya wa ramukan sauti aiki, a cikin alsa-tools-gui, amma ba na tura sabon shiga can, don in ka taɓa abin da ba shi ba har lasifikar sai ta yi shiru.

Ka ce kana da ganawar neman aiki ranar Alhamis. Ni dai da ni ne, ko an gyara ko ba a gyara ba, zan biya Banex, inda ake sayar da kayan waya da kwamfuta a Wuse 2, in sayi ɗan katin sautin nan na USB, bai wuce tsawon yatsa ba. Yana da nasa cif ɗin, ba ruwansa da rigimar na cikin kwamfutar, Windows da Ubuntu duk suna ganinsa ba tare da lodin komai ba. Ka je da kwamfutar da hedifon ka gwada a gaban mai shagon kafin ka miƙa kuɗi, don wasu masu rami biyu ne, suna buƙatar wayar reshen nan.

Fara da kashewar ƙurmus ɗin yau da daddare. In bai yi ba, turo abin da grep da aplay -l suka fitar maka tare da samfurin kwamfutar, in duba bayan isha'i. Allah ya ba da sa'ar ganawar.